Sunaye Huɗu na Ubaidullah

Shafi na 23

Ku yi haƙuri da shirun kwana shida, ba kullum hannu yake yarda ya riƙe waya ba. Masu tambayata ta bayan fage, ni abin da na tuna kawai nake rubutawa. Wanda ya karanta ya sa mamatanmu a addu'a.

*

Zubaidatu tana zaune a ƙasa tana tsince wake a faranti aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ba bugun maƙwabta ba ne. Matan gidan nan na unguwar Rusaifa da tafin hannu suke dukan ƙofa suna kiran sunanka tun daga matakala. Wannan kuwa sau uku ne, a hankali, sai aka yi shiru.

'Yarta Shifa ta leƙa ta gefen labule ta dawo da sauri.

"Umma, wani ne da farar riga. Ga mota a ƙasa."

Wanda ya shekara ashirin da bakwai a Makka babu takardar zama, ya san abin da farar riga da mota a ƙofar gida suke sa wa cikin mutum. Zubaidatu ta ajiye farantin, ta jawo mayafi.

"Assalamu alaikum," aka ce daga waje. "Khala Zubaidatu? Ni Nawaf. Abokin Ubaid."

Wata biyar ke nan da rana ta buge Ubaidullah a Mina yana tura keken wani tsohon alhaji, ya faɗi bai tashi ba. A cikin wata biyar ɗin nan ta ga abokansa kala-kala, 'yan dako da masu wankin mota, amma ba ta taɓa jin wani Nawaf ba.

"Buɗe masa," ta ce.

"Umma..."

"Ke, buɗe. Mai kame ba ya sallama."

Saurayi ne dogo, baƙi, gashin nan a tsefe ya yi tsiri. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarma, ya yi mata ta'aziyya da wata Hausa mai ɗingishi, rabi ta gudu Larabci.

"Ɗan wane ne kai?"

"Kakata 'yar Sakkwato, Khala. Mu a nan aka haife mu, ni da babana. Hausana shwayya shwayya, kaɗan kaɗan."

"Na ji alama. A ina ka san Ubaidu?"

Ya ciro waya ya shafa, ya miƙo mata da hannu biyu.

Ta kai wayar nesa da ido, ta dawo da ita kusa. Samari huɗu ne a wani ɗaki da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Ɗaya yana zaune a bayan ganguna. Na tsakiya ya rataya wani jan abu mai dogon wuya, ya buɗe baki a gaban lasifika, idonsa a rufe.

Rigar ta fara ganewa. Ita ta ɗinke mata aljihu.

"Wannan gurmin Turawan fa?"

"Jita, Khala."

"Nasa ne?"

"Nawa ne. Amma ya fi ni iyawa."

"Tun yaushe?"

"Shekara shida."

Ta juya ta dubi Shifa. Shifa ta girgiza kai, bakinta a buɗe, ita ma yanzu take gani.

"Ranar Alhamis da yake ce min yana sauke kayan miya a kasuwar Ka'akiyya fa?"

"Yana saukewa, wallahi. Da safe. Bayan azahar sai ya zo wurinmu."

"Miƙo hannunka na hagu."

Nawaf ya miƙo yana mamaki. Ta kama yatsunsa ta danna kan kowanne. Tauri kamar ƙasan ƙafa, yatsu huɗu, ban da babban.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Shekara nawa ina shafa wa yaron nan man zaitun a nan. Yana ce min igiyar buhu ce. Ni kuma ban taɓa tambayar kaina ba, wace irin igiya ce take cin hannu ɗaya ta bar ɗaya."

Ta saki hannun. Abin da ya ba ta mamaki, ba ta ji fushi ba. Ji ta yi kamar an buɗe mata wani ɗaki a cikin gidanta da ba ta san da shi ba, kuma tana so ta leƙa ko'ina.

"Ku mene ne sunanku? Masu kiɗa ai suna da suna."

"Wayit."

"Wayit motar ruwa?"

"Ita. Shi ya zaɓa. Ya ce a unguwar Nakkasa ba a taɓa yi wa wani baƙo murna kamar ita ba."

Dariya ta ƙwace mata, gajeriya. Gaskiya ne. A can kan dutsen da suka zauna shekara ashirin kafin a rushe, in motar ruwa ta yi ƙaho a ƙasa har mai jego sai ta fito.

"Wane ubangida kuke yi wa kiɗan? Biki kuke zuwa?"

"Ba mu da ubangida, ba mu da kamfani. Mu muke rubutawa, mu ɗauka, mu sa a intanet. Rok ake ce wa irin kiɗan."

"Rok."

"Na'am."

"To me ya kawo ka yau, bayan wata biyar?"

Nawaf ya gyara zama.

"Akwai gasa a Jidda, Khala, ta mawaƙan da ba su da kamfani. An tara waƙa sama da ɗari uku, aka tace aka fitar da biyar. Tamu tana ciki. Aka kuma fitar da marubuta biyar. Wanda ya rubuta tamu yana ciki."

"Ya ci ke nan?"

"Bai ci ba tukuna. An dai sa shi a cikin waɗanda za su iya ci."

"Kamar a kira ka walima a ce ka tsaya a ƙofa?"

"Kusan haka. Amma ƙofar ma ba kowa ke samu ba."

"Nuna min sunan nasa."

Nan ne ya sunkuyar da kai. Shifa ta karɓi wayar, ita ce mai karatun Larabci. Ta bi jerin da yatsa, ɗaya, biyu, uku, ta tsaya.

"Umma, babu sunan Yaya a nan. Sunan wannan ne. Nawaf."

Shifa ta ɗago ido daga wayar ta zuba masa.

"Ɓarawo!" in ji Shifa. "Ka jira ya mutu ka ɗauke masa waƙa, ka kuma zo har gida ka nuna mana?"

"La wallah, ya ukhti, ki ji..."

"Kar ka ce min ukhti, ni ba 'yar'uwarka ba ce!"

"Ke, bar shi ya yi magana."

Nawaf ya share fuska da tafin hannu.

"Tun yana da rai muka tura, kafin Hajji. Takardar shiga tana neman lambar katin mutum. Ubaid ba shi da lamba. Ya ce min, sa naka, ai ba za mu kai ko'ina ba. Muka yi dariya. Shekaran jiya jerin ya fito, mutane suna ta kirana suna taya ni murna, mabruk, mabruk. Khala, ko baiti ɗaya ban rubuta ba. Na kasa cin abinci. Na rubuta wa masu gasar na faɗa musu gaskiya."

"Suka ce me?"

"Sun ce tunda ya rasu ba sa buƙatar lamba. Sunansa kawai, da yardar wani nasa. Amma yau bayan la'asar suke rufewa. In ba a gyara ba, sunana zai zauna har abada."

"Ya zauna ɗin," Shifa ta ce. "Umma, kar ki yarda. Su buga sunansa duniya ta gani, gobe wani ya ce ina iyayensa, ina gidansu, ina takardarsu? Ni a kai ni Najeriya in ce ina na sani? Ko hanyar gidan kakata ban sani ba."

Ta juya kan Nawaf.

"Kai da katinka a aljihu ai ba ka da asara. Ina kuke ma ranar da aka kai shi?"

"Ni na riƙe makarar ta ƙafar dama," ya ce. "Daga Harami har mota. Ni da mai gangunan nan muka shiga ramin a maƙabartar Shara'i."

Zubaidatu ta ɗago. Mata ba sa shiga maƙabarta a garin nan. Iyakarta ranar ƙofar masallaci, tana kallo aka wuce da gawa bakwai a jere da gudu, ba ta ma san wacce ce tasa ba. Mazan unguwa da suka dawo ba wanda ya ce mata komai sai haƙuri.

"Kai ka sa shi?"

"Da hannuna."

"Yaya wurin yake?"

"Fili ne, Khala. Ƙasa fara. Dutse ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa."

"An rubuta wani abu?"

"Ba a rubutawa."

Ta san ba a rubutawa, so ta yi ta ji daga bakin wanda ya gani. A ɗaki aka haife shi, ba takardar asibiti. Karatun allo ya yi a soron wani malami, ba rajista. Ya yi dako, ya tura keke, duk da baki ake kiransa a sallame shi da baki. Shekara ashirin da biyar a duniya, ba a taɓa rubuta sunan yaron nan a kan komai ba.

"Ina so in ji," ta ce.

Nawaf ya dubi wayar, ya dubi taga.

"A nan?"

"Da matsala?"

"Mu ba mu taɓa kunna ta a cikin Makka ba. Sharaɗinsa ne tun ranar farko. Ya ce shi ba zai taɓa jita a cikin haddin Harami ba. Ɗakin da kika gani a hoto yana bayan Tan'im, sai an wuce alamar iyaka. Wata rana wayar jitar ta tsinke muna mota, na ce ya ɗaura kafin mu isa, ya ƙi. Sai da muka fita."

Zubaidatu ta dafa bango ta miƙe.

"Ɗauko min abayata."

"Umma, ina za ki?"

"Inda ya ce a ji, can zan ji."

"Waken fa?"

"Ba zai gudu ba."

*

Motar sanyi ƙalau. Shifa ta zauna a baya kusa da uwarta, ta saki niƙabi, duk motar 'yan sanda da suka wuce sai ta matse hannun Zubaidatu. Ita kuwa tambaya take ta yi.

"Yana cin abinci in ya zo?"

"Ya fi kowa."

"Sallah fa?"

"Ana kiran sallah yake zare waya daga bango, ko muna tsakiyar ɗauka. Mun sha faɗa a kan haka."

"Yana da budurwa?"

Nawaf ya yi tari.

"Wannan kuma ban sani ba, Khala."

"Ka sani. Bar shi dai."

Suka wuce masallacin Tan'im, motocin masu umra cike da bakin titi, maza da fararen mayafai suna ta hawa da sauka. Nawaf ya ƙara gaba kaɗan, ya wuce ginshiƙan iyaka, ya faka a inuwar wani shagon taya.

"Mun fita?"

"Mun fita."

"To bismillah."

Ya danna. Wata ƙara ta cika motar, Zubaidatu ta zabura ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Motar ce ta lalace?"

"Farkon waƙar ne."

"Wannan ai injin markaɗe ne. Mutum ɗari uku aka kayar da wannan?"

Shifa ta kusa dariya a cikin niƙabi. Sai gangunan suka lafa, ƙarar ta koma siririya, murya ta shigo.

Muryarsa. Ta safiya, wadda yake cewa Umma akwai sauran shayi da ita.

Da Hausa ya fara. Ba soyayya ba ce, ba yabon kowa ba ne. Kwatance yake yi. In ka sauka daga mota wurin mai gasa kaza, ka bi lungun da mutum biyu ba sa gittawa. Ka wuce shuɗiyar ƙofa, kar ka taɓa bango, fentin Baba Zali ba ya bushewa. Ka hau matakala tamanin da huɗu. In ka ji ƙamshin daddawa ka tsaya, ka iso. Sai ya juya Larabci, sauran samarin suna amsa masa.

"Me yake cewa a nan? Da sauri yake yi."

Shifa ta ɗaga niƙabin, fuskarta jiƙe.

"Cewa yake, na bi kwatancen daidai, na sami fili. Wa zan tambaya, dutsen ma an tafi da shi."

Zubaidatu ba ta yi kuka ba. Ta karkata kai tana saurare kamar mai jin labarin wani gari. Da waƙar ta ƙare ta ce a sake. Aka sake. A ta biyun ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Ya yi kuskure."

Nawaf ya tsayar.

"Tamanin da shida ne, ba da huɗu ba. Ni na hau su da jarkar ruwa a ka, na sani. Biyun ƙarshe tsallake su yake yi tun yana yaro, shi ya sa bai ƙirga da su ba."

"A gyara, Khala?"

"Wa zai gyara? Bar masa kayansa."

Ta jingina. Wata bas ta wuce, masu umra suna ta labbaika.

"Yaro, zan tambaye ka, kar ka yi min daɗin baki. Duk sanda wani ya kunna wannan abu, lada ake rubuta masa ko zunubi?"

Nawaf ya dubi sitiyari.

"Ban sani ba, Khala."

"Da ka ce lada da na fita daga motarka. Ni ma ban sani ba. Ruwan da nake raba masa duk Juma'a zan ci gaba da rabawa, sauran na Allah ne." Ta numfasa. "Amma abin da ya yi, shi ya yi. In lada ne nasa ne, in zunubi ne ma ba a ɗora wa ɗan wani. Sa sunansa."

"Umma!"

"Ba za su nemi gidanmu ba, ya ukhti," Nawaf ya ce da sauri. "Na tambaya sau biyu. Muryarta kawai zan ɗauka ta ce ta yarda."

"In suka nema fa? Kai za ka zauna a ɗakin tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a madadinmu?"

"Ke, ya isa," in ji Zubaidatu. "Shekara ashirin da bakwai ina ɓuya. Na ɓoye kaina, na ɓoye ku. Ban taɓa kiran ɗayanku da ƙarfi a titi ba. Shi dai yanzu ba mai kama shi."

Shifa ta juya fuska ga taga tana share hawaye. Nawaf ya buɗe takardar a waya.

"Gida huɗu ne a wurin rubuta suna, Khala, ka'idar nan ƙasar. Sunansa, na uba, na kaka, sai na dangi. Mu Ubaid kawai muka sani. Na sha tambayarsa, sai ya ce mutum mai jita ɗaya suna ɗaya ya ishe shi."

"Huɗu?"

"Huɗu. In gida ɗaya ya zama fanko ba ta tafiya."

"Ba a yarda da biyu?"

"La."

Zubaidatu ta dubi hannuwanta. Shifa ta gaji da jira, ta ce ba tare da ta juyo ba:

"Tunda kin dage. Rubuta Ubaidullah Mailafiya. Sunan Baba ke nan, Allah ya jiƙansa. Umma, kakan namu wa yake da suna?"

"Kar ka rubuta wannan."

Shifa ta juyo.

"Yau aka fara rubuta shi," in ji Zubaidatu. "Ba za a fara da ƙarya ba. Rubuta Ubaidullah."

"Na rubuta."

"Abdulmuhaimin."

Yatsan Nawaf ya tsaya a sama. Ya kalli madubi.

"Rubuta mana. Abdulmuhaimin. Kaka, Sami'ila. Gida na huɗu ka sa Ɗaso, haka ake kiran gidansu a Kano."

"Umma, waye Abdulmuhaimin?"

Zubaidatu ta juya tana kallon titi.

"Umma, magana nake miki. Waye Abdulmuhaimin? Waye Ɗaso?"

"Kin tuna shuɗiyar ƙofar da ya ambata?"

"Ɗakin da ba kowa a ciki?"

"Da can akwai, Abdulmuhaimin ne da matarsa a ciki. Kafin a haife ki. Ranar da aka zo kame Nakkasa, ta katanga aka miƙo min Ubaidu, yana wata bakwai, da ɗumin goyo a jikinsa. Uwarsa ta ce riƙe min, Zubaida, in na sami hanya zan dawo."

Shifa ta toshe baki da hannu biyu.

Nawaf ya cike gida na huɗu. Alamar turawa ta koma kore. Ya ɗaga wayar a hankali.

"Khala... in tura?"

"Da ka tura, mutanen Kano za su iya gani?"

"Duk duniya. Cikin minti ɗaya."

Zubaidatu ta zura hannu a jakarta ta ciro tsohuwar wayarta mai madannai. Ta riƙe ta tana kallo.

"To dakata," ta ce. "Bari in fara kiran uwarsa. Har yau ban gaya mata ya mutu ba."